Kafin Ka Sayi Cok, Auna Ramin Injinka

 Gaisuwa ta musamman ga kafintocin Tudun Wada, tun daga Ƙofar Doka har Agoro, da na tsallaken Kubanni a Sabon Gari, da yaran shago da ke jin mu suna goge katako. Allah ya sa wa nema albarka.

Zancenmu na yau na masu injin sassaƙa ne, injin nan da ke juya katako ana ɗora masa kurfi, wanda ke fitar mana da ƙafar gado da ta tebur da sandunan matakalar bene. Duk mai wannan injin, wata rana za a kawo masa aikin da ke bukatar rami miƙaƙƙe a tsakiyar katako: gindin fitila da waya za ta ratsa, ƙotar kurfi ko ta magagari, ƙafar kujera da za a zura wa ƙarfe mai zare. Abin da aka saba shi ne a sauke katakon, yaro ya danne shi da ƙafa, maigida ya ɗauko injin huji na hannu ya shiga kirdado. Sai ramin ya shiga ta tsakiya ya ɓullo ta gefe, a yi asarar maɗaci mai tsada da aikin rabin yini. Alhali injin da ya fere katakon ya fi kowa sanin inda tsakiyarsa take. Abin da ya rage kawai a samu cok, kan nan mai haƙora uku da ke damƙe bakin huji, a ɗaura shi a wutsiyar injin. Katako na juyi, baki na tsaye, kana murza hannu yana shiga.

To, yadda za a zaɓi wannan cok ɗin shi ne aikinmu yau. Kuma ina roƙon kowa ya riƙe abu guda tun daga farko: zaɓen daga shagonka yake farawa. Mutum ya tashi ya nufi kasuwa, a jera masa uku ko huɗu a kan teburi, ya ɗauki wanda ya fi nauyi da ƙyalli, ya dawo ya tarar sandar da ke bayan cok ɗin ta ƙi shiga wutsiya, ko ta shiga tana rawa. Mai kaya kuwa ya ce ba a mayarwa. Duk wannan ba ya faruwa ga wanda ya tsaya ya leƙa wutsiyar injinsa kafin ya fita.

Zare tsinin da ke wutsiyar, ka haska ramin da fitilar wayarka. In injin na kamfani ne, za ka ga ramin ba shi da zare, sumul yake, bakinsa ya fi cikinsa faɗi, yana tsukewa a hankali. Wannan tsukewa ba da ka aka yi ta ba. Wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse ne ya fito da ita a 1864, kuma har gobe da sunansa ake kiranta, shi ya sa za ka ga an buga haruffan MT a jikin sanda, da lamba a gaba. A kowace milimita 20 ta tsawo, faɗin ramin yana raguwa da kimanin milimita 1. Ƙanƙantar wannan tsukewar ita ce sirrin abin: ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe tun daga baki har ciki, ya kama gam ba noti ba kusa. Kamar ruwan gatari ne a cikin ƙota. Sara yana ƙara masa shiga, amma in ya maƙale a itace ka fizgo baya, sai ƙotar ta taho ta bar shi. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi in mun zo maganar hatsari.

Lambobi uku ne suka shafe mu. Ka auna bakin ramin. In ya ba ka milimita 12, wato ya gaza rabin inci kaɗan, lamba 1 ke nan. In ya kusa milimita 18, lamba 2. In ya kusa milimita 24, inci guda ba kaɗan, lamba 3. Tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce, ko da tef ɗin awo ba za ka ruɗe ba, sai dai ma'aunin nan mai baki biyu na makanikai ya fi ba da gaskiya. Yawancin injunan katako na zamani lamba 2 suke ɗauka, ƙanana kuma lamba 1. Kada kuma ka auna ramin kan injin ka ce na wutsiya ma haka yake. Tsohon injin Ingila mai suna Myford ML8 lamba 1 ne gaba da baya, amma Union Graduate, wanda aka yi yayinsa a makarantun can, kansa lamba 3 ne, wutsiyarsa lamba 2. Inda za ka sa cok, nan za ka auna. Abin da ma ya fi awo, ka naɗe tsinin da ka zare a tsumma ka tafi da shi kasuwa, a jera shi da sandar da za a sayar maka, ido ya gani.

In ka samu sanda lamba 2 ramin injinka kuwa lamba 3 ne, akwai riga ta ƙarfe da ake sa mata ta cike gurbin, kuma tana aiki lafiya. In sandar ce ta fi ramin girma, bar ta. Abin haɗin da ake sayarwa don wannan dogo ne, zai cinye maka fili, ya ƙara rawa.

Sandar nan baki biyu gare ta. Dogon shi ne mai shiga injin. Gajeren shi ne mai shiga bayan cok ɗin kansa, kuma nan ne ake yawan cutuwa, domin shi ma tsukakke ne, amma awonsa daban. Iri biyu ne ke yawo a kasuwanninmu. Akwai na Amurka mai haruffan JT, daga sunan Arthur Jacobs, mutumin da ya yi rajistar cok mai makulli a 1902, akwai kuma na Turai mai harafin B. Juya cok ɗin ka karanta abin da aka buga a jikinsa. Za ka ga misali 1.5 zuwa 13, sannan B16, ko ka ga JT33 ko JT6. Abin da ke jikin cok, shi za ka nema a jikin sanda, harafi da harafi, lamba da lamba. Na nanata haka ne saboda B16 da JT33 kusan kaurinsu ɗaya, bambancin bai kai rubu'in milimita ba, amma yanayin tsukewarsu ya sha bamban. Mai shago zai soka maka wannan cikin wancan ya buga, ka ga ya kama, ya ce ai shi ke nan. Ya kama ne a zobe guda siriri. Ranar da ka sa babban baki a ƙirya, sandar za ta tsaya, cok ya bi katako yana juyi, ya goge ramin bayansa ya lalace har abada. In da hali, sayi cok da sandarsa tare, daga kwali ɗaya.

Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan zaɓen cok na huji ga injin sassaƙa katako, kuma mun ce awo kafin ciniki.

Na san akwai mai saurarona yanzu da ke cewa, malam, duk wannan bayani na masu injin kamfani ne, ni nawa mai walda ne ya haɗa mini. Gaskiya ne, kuma irinku kuna da yawa. Injin gida: ƙarfen kwana, boris biyu, bel, da doguwar sanda mai zare a wutsiya da aka fiƙe bakinta. Babu wani tsukakken rami a nan. Ina girmama wannan injin, domin ya ciyar da gidaje masu yawa, kuma ba zan ce a jefar da shi ba. Abin da zan hana shi ne a ɗauki cok a manna shi da walda a bakin sandar. Zafin walda yana kashe taurin haƙora, yana ƙone man da ke ciki, kuma da wuya ya zauna a tsakiya. Ban da haka, ita wannan sanda juyawa take yi in tana shiga, don haka da zarar baki ya ciji katako, katakon zai shiga murɗa ta, hannun ya riƙa ƙwace maka.

Gyaran yana wajen mai injin gurzar ƙarfe. Ka kai masa wutsiyar gaba ɗaya, ya yi maka bututu mai zamewa gaba da baya ba tare da juyi ba, da tsagi a gefe da ƙusar da za ta tare shi, sandar zaren tana tura shi daga baya. A bakin bututun ya huda maka rami lamba 2, ko ya yanka zare. In zare ne, to cok ɗin mataccen injin huji na hannu ma zai yi maka aiki, domin yawancin masu cin milimita 13 zarensu rabin inci ne mai layi 20 a kowane inci. Sai dai a tuna, a cikin irin wannan cok, can ƙasan haƙora, akan samu ƙusa mai zaren hagu, sai an kwance ta ta hannun dama kafin cok ya fita. Mutane da yawa sun cinye kanta suna murzawa ta inda suka saba. Masu wannan aikin ƙarfe akwai su a Sabon Gari, akwai a Panteka ta Kaduna, kuma duk ɗalibin injiniyan inji na Kwalejin Nuhu Bamalli ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya san abin da ake nufi da rami lamba 2. Kuɗin da za ka ba mai ƙarfe sau ɗaya ne, amfanin kuwa na shekaru.

Sai girma. Uku ne a kasuwa: mai cin milimita 10, mai 13, da mai 16. Zuciya takan so babba, a ce ai wanda ya ci babba zai ci ƙarami. Ba kullum ba. Mai 16 sau da yawa daga milimita 3 yake fara kamawa, siririn baki sai ya zube ta tsakanin haƙoransa. Ga nauyi, ga tsawo. Manyan bakunan katako kuma, irin mai faffaɗan kai da Benjamin Forstner ya ƙirƙiro a Amurka, ko da faɗinsu ya kai inci 2, wutsiyarsu takan tsaya a milimita 10 ne, ko 13 in ta yi yawa. Don haka ni a ganina mai 13 shi ne na kafinta. Ya ishe ka kusan duk abin da za a kawo maka.

Mai makulli ko marar makulli? Marar makulli abin sha'awa ne, da hannu ake murza shi, canjin baki cikin ƙiftawar ido, kuma na kirki, irin na kamfanin Albrecht na Jamus, ba a kai shi daidaito. Amma na kirkin yana da tsadar da ba ta shagonmu ba, na arahar kuwa, araha ba ta ado. Sannan yana da hali biyu da ya kamata a sani. Yana ƙara ɗaure kansa gwargwadon nauyin aiki, har babban baki ya sa shi ya ƙulle sai an sa masa ƙarfi kafin ya buɗe, in kuma injin ya juya baya sai ya saki. Ya kuma fi mai makulli tsawo, kuma a injin da gadonsa gajere ne, kowane inci da cok ya ci, daga tsawon katakonka aka cire shi. A wurin da ƙurar katako ke haɗuwa da ƙurar hunturu, ni mai makulli nake ba da shawara. Cikinsa ba shi da tarkace da yawa, yana jure ƙura, kuma kai ke da iko da ƙarfin ɗaurinsa. Ka tabbatar makullin nasa ne, don haƙoran makullai ba ɗaya ba ne, wanda bai dace ba zai gwaguye haƙoran cok. In za ka ɗaure, bi ramukan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ka sa wa makullin igiya ka rataye shi a ƙusa, nesa da abin da ke juyi.

Yanzu ga ka a gaban mai kaya, sabo ne ko na hannu. Na hannu ba aibu ba ne, tsohon cok na kamfanin Jacobs ko Röhm da bai sha wuya ba ya fi sabon da ba a san uwarsa ba. Ka buɗe haƙoran har ƙarshe, ka rufe har ƙarshe. Tafiyar ta zama sumul, ba inda take cijewa. Da sun rufe, ɗaga shi sama ka duba ta hasken rana: bakunan uku su haɗu lokaci ɗaya, tsawonsu ɗaya, ba wanda ya riga wani. Leƙa cikinsu, in ka ga sun goge sun yi ƙyalli ko bakinsu ya buɗe kamar ƙaho, baki ya sha zamewa a ciki, ajiye shi. Sa miƙaƙƙen baki sabo ka ɗaure, ka girgiza shi da yatsu. Ko motsi kaɗan ka ji, ba naka ba ne. Sannan shafa sandar da tafin yatsa. Tsatsa mai laushi tana goguwa, amma gurbin guduma ko ƙaiƙayin ƙarfe da ya taso zai hana ta zama, ya kuma yage ramin injinka.

Gwajin ƙarshe a shago ake yin sa, shi ya sa yana da kyau ku yi magana da mai kaya tun farko cewa in bai zauna ba za ka dawo da shi. Goge ramin da tsumma a kan siririn kara har sai tsumman ya fito fes. Ɗauki alli ka ja layi uku a jikin sandar, daga sama har ƙasa. Zura ta a hankali, ka ɗan murɗa rabin juyi, ka zaro. Dubi allin. In ya goge tun daga farkon layi har ƙarshensa, ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe, ka dace. In a baki kawai ya goge ko a gindi kawai, sauran layin yana nan fari tas, to sandar a wuri ɗaya take taɓawa, kuma ba za ta riƙe ba. Kada a sa mai a wannan wuri, a bushe yake kamawa. Bayan nan ka sa siririn baki a cok, ka turo wutsiya har tsininsa ya fuskanci tsinin kai. Su yi ido da ido. In ɗaya ya kauce, ramin da za ka huda zai fi bakin faɗi, kuma laifin na wutsiya ne, sai a gyara mata zama.

Wani ƙaramin abu: wasu sanduna suna da falallen harshe a ƙarshensu, wanda aka yi don injin huji na tsaye. A wutsiyar injin katako, harshen yakan tokare ciki ya rage maka tafiyar bututu, bututun da dama tafiyarsa ba ta wuce inci 2 zuwa 4 ba. Ana iya rage shi, amma kada a yanke da yawa, domin a injuna da dama, komawar bututu baya ita ke tunkuɗo sandar waje, in ta yi gajarta sai ta maƙale.

Mu zo ga hatsari, kuma a nan ina so maigida ya kira yaransa su matso kusa da rediyo. Mun ce tsukakken rami turi yake so, ja yana kwance shi. Lokacin da baki ke shiga, ba abin da zai faru. Lokacin fitowa ne abin tsoro. Dusar katako ta cika ramin, ta yi zafi, ta riƙe bakin. Kana murza hannu baya, bututu ya koma, cok ya zauna a jikin katako. Yanzu ƙarfe mai nauyi yana juyi a kan siririn baki ba abin da ke tare shi, kuma inda zai nufa fuskarka ce ko ƙirjinka. Saboda haka duk lokacin da za ka janye, hannun hagu yana kan jikin cok yana danna shi baya, ta bayan haƙora, hannun dama yana murzawa. In ka ji ya saki, kada ka yi kokawa da shi, kashe injin. Kada kuma ka jira ramin ya cika. Shiga inci guda, fito, dusa ta zube, koma. A ƙirya da kawo da marke ma kada a kai inci. In ka ga hayaƙi ko ka ji ƙauri, ka riga ka makara da fitowa.

Gudu ma a rage shi. Injin lantarkin da aka fi ɗaurawa yana juyi wajen sau 1,400 a minti, kuma wannan ya yi wa babban baki yawa ƙwarai. Baki mai faɗin inci 2 kada ya wuce juyi 500, a itace mai tauri ma a sauko ƙasa da haka. Mayar da bel kan layin da ya fi jinkiri kafin ka kunna. Bakin nan mai zare a tsini, wanda ake murzawa da hannu, kada a sa shi a nan sam, domin shi da kansa yake jan kansa cikin katako, zai tumɓuko cok daga wutsiya. Mai son sa cok a kan injin, inda cok ɗin ne zai riƙa juyi, dole sandarsa ta zama mai zare a gindi, a zuro dogon ƙarfe ta bayan kai a ɗaure ta, in ba haka ba girgiza kaɗai ta isa ta fitar da ita. Kuma a nan ne barin makulli a jiki yake zama harbi.

A naɗe hannun riga, a cire agogo da carbi, babbar riga a rataye ta, a sa gilashin kare ido. In aka ɗauke wuta baki yana cikin katako, abu na farko kashe makunni, kafin ma ka yi tsaki. Wuta ba ta sallama in za ta dawo.

Da an tashi aiki, a zare cok daga injin, a buɗe haƙora a kaɗe dusa, a ɗiga mai kaɗan a cikinsu. Da damina a shafa wa sanda mai don tsatsa, a naɗe a tsumma, amma a goge shi tas kafin a mayar. In kuma sabon cok za ka haɗa da sandarsa, mayar da haƙoran ciki gaba ɗaya tukuna, ka kifa shi a kan guntun katako, ka buga gindin sandar da gudumar itace sau ɗaya ko biyu. Gudumar ƙarfe ba ta zuwa nan.